Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a hawan Mbe

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa da abokan arziki na Garwa da Ngaundere da duk inda wannan saƙo ya iske ku.

Ranar Talata da la'asar muka iso gida, bayan kwana 45 a Ngaundere sakamakon hatsarin motar da ya same mu a hawan Mbe. Baban yara yana dogara sanda biyu, amma da ƙafarsa ya shiga ɗakinsa, likita kuma ya ce ƙafar ta tsira. Tun muna asibiti nake ƙulla wannan magana a zuciya, sai yanzu kafaɗata ta bar ni in riƙe waya. Yaba kyauta tukwici ne, ni kuwa tukwicin da nake da shi ke nan.

Ga wanda labarin bai kai masa daidai ba: wata Asabar cikin Satumba muka tashi daga Garwa da safe, za mu kama jirgin ƙasa na yamma zuwa Yawunde. Mun wuce Ngong, mun tsaya a Mbe fasinjoji suka sayi doya kamar yadda aka saba. Duk mai bin wannan hanya ya san hawan da ke gaba, inda kwalta take ta lanƙwasa a jikin dutse kafin a hau tudun Adamawa, ya kuma san ragowar motocin da ke kwance a kwazazzaban gefenta. Ana yayyafi. Wata babbar mota mai gangarowa da kaya ta rasa birki, direbanmu ya kauce mata, tamu ta kife a gefe. Ban riƙi kowa a zuciya ba.

Da na dawo hayyacina, fuskar wata mata na fara gani. Ba fasinja ba ce. A bayan babur take, ta sa mai babur ɗin ya tsaya, ta gangaro cikin taɓo. Sanye take da sabon zanen anko na matan coci, irin wanda ake ajiyewa a ƙasan akwati sai ranar taro. Da ta ga yadda jini ke zuba daga cinyar baban yara, sai ta kwance zanen, ta sa haƙori ta keta shi, ta ɗaure masa sama da raunin tamau. Mata, kun san abin da zanen anko yake: wata nawa ake tara kuɗinsa, sefa ɗari biyar yau, ɗari biyar wani mako. Ko sau ɗaya ba ta dubi zanen ba. Ta tallafe kaina a cinyarta tana addu'a da yaren Dii na mutanen yankin, ba na jin komai a ciki sai sunan Yesu. Da Fulatanci ta ce mini, "Kada ki rufe ido, ɗiyata, mijinki yana numfashi." Daga baya likita ya gaya mini ɗaurin nan ne ya kai shi asibiti da rai. Mama, ban san sunanki ba, ban san ƙauyenku ba. Allah ya san su. Na gode, na gode.

Sai saurayin nan mai akori-kura da ya ɗauko buhunan masara. Motoci sun tsaya da yawa, wasu suna ɗaukar hoto. Ina ji da kunnena mutane suna ce masa ya jira jandarmomi, in mutumin nan ya cika a motarsa shi zai kwana a hannu yana amsa tambayoyi. Ba ƙarya suka faɗa ba, tsoron da ke ranmu duka ne a wannan ƙasa. Ya ce musu, "Su tambaye ni gobe, yau dai a kai shi." Ya sauke buhunan a bakin hanya cikin ruwan sama, ya bar yaron motarsa yana gadi, ya shimfiɗa tamfol, aka ɗora baban yara da wani dattijo Bafulatani da ya karye a haƙarƙari. Ya ce mini, "Mama, shiga gaba." Akwai ƙaramin gicciye na katako a madubinsa, shi na yi ta kallo har muka shiga gari. Da na miƙa masa abin da ke cikin jakata, ya mayar mini da hannuna, ya ce masararsa na jiransa. Ɗana, Ubangiji ya tsare ka a kan hanya, ya mayar maka da ribar da ruwa ya jiƙa.

A asibitin Furotesta na Ngaundere, wanda kowa ke kira Norbejiyan saboda mishan 'yan Norwe da suka kafa shi, an karɓe mu da hannu biyu. Godiyata ga likitoci da ma'aikatan jinya ba ta ƙirguwa. Amma akwai abin da ya faru daren farko da nake so a ji. An ce a nemo masu ba da jini, ni kuwa baƙuwa ce, hannu a rataye, dangi duk suna Garwa, tafiyar fiye da kilomita 250. Wata ma'aikaciyar jinya ta fita ba ta ce mini komai ba. Ashe wajen mawaƙan coci ta je, suna tsakiyar koyon waƙar Lahadi. Bakwai suka biyo ta, har da riƙe littattafan waƙarsu. Aka gwada, jinin uku daga cikinsu ya dace. Sauran huɗun ba su tafi ba, suka zauna da ni a kan benci har aka fito da shi daga ɗakin tiyata bayan tsakar dare. Ɗayarsu ta lura ina rawar ɗari, don mu mutanen Garwa ba mu saba da sanyin Ngaundere ba, ta cire rigar sanyinta ta yafa mini. Uwar wannan yarinya ce ta ba ni ɗaki a gidanta har ranar da aka sallame mu, kullum da kunu da safe.

Shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi labarin Basamariyen nan na Luka sura 10, kullum kuma ina ganin baƙin firist da Balawen da suka ratsa ta gefe. A kan bencin nan na tuna da bara, kusa da gadar Binuwai, da na ga wani yaro ya faɗi da babur, na ce wa mai ɗauke da ni mu wuce, wai shago na jirana, wai ga mutane nan za su kula da shi. Dalilina bai fi nasu ba. Na roƙi gafarar Ubangiji da hawaye, ina kuma faɗa a fili don kada godiyar nan ta zama ta baki. Ina cikin kwamitin taimako na ikkilisiyarmu, ina kuma girmama aikinsa, da shi ake biyan kuɗin makarantar marayu. Amma jini ba ya jiran zaman kwamiti. Matar nan, da saurayin, da mawaƙan, babu wanda ya nemi izini ko ya tambayi wace ikkilisiya muke zuwa. Dattijon da aka ɗauko tare da mu Musulmi ne, ba su kuma bambanta mu ba.

Baba Fasto, ka hau mota sau biyu ka zo duba mu, mun gode. Iyayena matan zumunta, baikon da kuka tara ya iso ta Orange Money ana gobe za a yi tiyata ta biyu. Alhaji maƙwabcinmu da Hajiya, kun kwashe yaranmu uku zuwa gidanku tun daren farko ba tare da kowa ya roƙe ku ba, kuna kai su makaranta, ranar Lahadi kuma Hajiya da kanta take yi musu shirin coci. Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a.

Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya, daga nan a wuce gida a ci abinci, ƙofa a buɗe take ga kowa.

Roƙona ɗaya ga direbobi da masu sayar da doya da 'yan'uwa na ikkilisiyoyin Mbe da Wak da ƙauyukan kewaye: ku taya ni cigiyar matar da ta koma gida ranar Asabar ɗin nan ba zanen ankonta. Doguwa ce, za ta kai shekara hamsin, tana da wushirya. Na sayi turmin atamfa na ajiye da sunanta. Da zarar baban yara ya ajiye sanda ɗaya, mu biyu za mu kawo mata shi har gida.