Baƙin kyanwoyi a ɗakin ajiya

Asabar da dare, unguwar Zariya, Maraɗi.

Yau da hantsi maƙwabciyarmu, wadda aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Yamai, ta aiko ɗanta da kyanwoyinta biyu a cikin kwando, mace da muzuru, dukansu manya, domin ba za ta iya ɗaukar su tafiyar da ta haura kilomita 600 a mota ba. Karɓar su bai zame mini wahala ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsofaffin kyanwoyin gida, wato Toka mai shekara 12 da Ja wanda ke bin bayanta, waɗanda suka daɗe da raba tsakar gidan nan a tsakaninsu, ita tana da inuwar darbejiya, shi kuma yana da kan katanga.

Ban bari an buɗe kwandon a tsakar gida ba. Na wuce da shi ɗakin ajiya, inda na riga na ajiye ruwa da abinci da tsohon bargo da tasoshi cike da yashin Gulbi, sannan na ja ƙofa. Da a bazara ne da ba zan rufe dabba a ƙarƙashin rufin kwano ba, amma hunturu ya sauƙaƙa mini wannan.

Inna ta ce, "Ke kuwa, ki sake su mana, ai su da kansu za su sasanta." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ko amarya ba a kai ta ɗakin uwargida a daren farko." Ta yi dariya ta ƙyale ni, ko da yake na ga alamar ba ta gamsu ba.

Dalilina shi ne kyanwa da hanci take gane na gida da baƙo. Idan tana goga kumatunta a ƙafar gado ko a ƙafar mutum, ƙanshin jikinta take shafawa, kuma duk abin da ba ya ɗauke da wannan ƙanshin, a wurinta mai kutse ne. Ɗan jaririn kyanwa yakan shige ba tare da dogon rikici ba, amma babba yana zuwa da nasa ƙanshin da nasa halin, tsohuwar da gaɓoɓinta suka fara ciwo kuwa ba ta da ƙarfin faɗa, sai ta daina cin abinci ko ta bar gidan gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da nake gudu, domin kyanwar da ta kwana biyu ko uku ba ta ci komai ba hantarta na iya taɓuwa. Ga kuma batun cuta: likitan dabbobin da na kira ya ce a ware baƙin kamar mako biyu, a ba su maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a kuma tabbatar an yi musu rigakafin haukan kare.

Bayan la'asar na ɗauki tsumma mai tsabta na shafa a kumatun baƙin, na ajiye shi kusa da inda Toka take kwanciya. Ta shinshina shi, ta yi huci, gashin bayanta ya mimmiƙe, sannan ta tashi ta koma ƙarƙashin rumfa. Hucin bai tayar mini da hankali ba, gargaɗi ne kawai, kuma ban tsawata mata ba. Ja kuwa ya je ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yana cusa hanci ta ƙasa, muzurun yana yi masa gurnani daga ciki.

Da magariba na ajiye kwanonin tsofaffin a tsakar gida, nesa da ƙofar amma inda iska za ta kawo musu ƙanshin baƙin, domin su riƙa jin sa a lokacin da suke cin abin da suke so. Ja ya cinye nasa tas. Toka ta tsinci kifin ta bar sauran. Gobe zan matso da kwanon Ja taku ɗaya, nata kuma zai zauna inda yake har sai ta cinye abincinta ba tare da waiwayen ƙofar ba.