Buhun masara ba tuwo ba ne

Lambar da aka fara cusa mana a kai a ajin ilimin abinci mai gina jiki ita ce 2,100. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke bi, sun ce kalorin, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da za a tanadar wa mutum guda a rana ke nan idan bala'i ya auku, da ruwa aƙalla lita 15. A takarda abin ba wuya: ƙirga kawuna, ninka, a tafi kasuwar hatsi ta Dawanau a yi lodi.

Aikin bincike ya kai ni wata firamare a cikin birnin Kano inda aka tsugunar da waɗanda ruwan Agusta ya rushe wa gidajen ƙasa. Aji guda aka mai da sito, ga buhunan masara da shinkafa, ga jarkokin mai. In ka bi rajista, kowa ya ƙoshi. Amma masarar tsaba ce. Sai an surfa, an kai inji, mai inji kuwa ba ya niƙa don Allah. Itace ya jiƙe, gawayi ya yi tsada, tukwane suna can ƙarƙashin ginin da ya rufta. Na tarar da wata dattijuwa tana auna kwano guda za ta sayar. Na ce, "Inna, ba na ci aka ba ku ba?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, tsaba ake ci? Kuɗin niƙa fa, da kuka da daddawa?" Wasu masu rabo suna kiran wannan rashin godiya. Ni a ganina ita ce ta ƙarasa lissafin da muka bari a rabi.

Kuma cika ciki daban, gina jiki daban. A 1990, 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi sun dogara da masara, sai gyaɗar da ake haɗa musu ta yanke. Dubbai suka kamu da cutar felagra, wadda ke sa fata ta yi baƙi ta tsattsage, ga zawo, ga ruɗewar hankali, duk don rashin sinadarin niyasin da suke samu daga gyaɗar. Mu da gyaɗa ta yi wa garinmu suna, bai kamata ƙuli-ƙuli ko wake su ɓace daga kayan agajinmu ba.

Yara ƙanana ne abin ya fi ci. Tuwon dare ɗaya ba ya riƙe ɗan wata goma. Cikinsa ƙarami ne, sai an yi ta ba shi kaɗan-kaɗan. Akwai ɗan zaren awo da ake naɗa wa yaro a damtse: in bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa jan ɓangaren zaren, tamowa ta yi tsanani, sai a sa shi a kan maganin gyaɗar nan na leda, mai kalori 500 a kowace. Madarar gwangwani da masu hali ke kawowa da kyakkyawar niyya kuwa, ita na fi tsoro. A dama ta da ruwan da ba a tafasa ba, uwa ta rage ba da nono, zawo ya biyo baya.

Tsofaffi masu ciwon suga da hawan jini ma suna nan a layi, ana zuba musu farar shinkafa da taliya kamar kowa, domin rajistar da muka tarar sunan mutum da yawan iyalinsa kawai take tambaya.