Mako biyu a bencin baya na kotun majistare

Muna aji uku, malamin da ke koyar da mu dokar laifuka ya ce kowa ya nemi kotu ya zauna mako biyu, ya dawo masa da abin da idonsa ya gani. Na zaɓi wata kotun majistare a Kano da ke kusa da gidanmu. Ban nemi izinin kowa ba, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a bainar jama'a ake shari'a. Ɗan sandan bakin ƙofa ya ce in kashe waya, shi ke nan. Na samu wuri a bencin baya, kusa da wata dattijuwa mai jan carbi.

Na tafi da zaton zan ga lauyoyi suna musayar hujja har a kai ga hukunci. A ranar farko an kira ƙararraki sun kai ashirin, mafi yawansu ba su ɗauki minti biyar ba. Wata ƙarar shaida bai zo ba, wata ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, wata lauya yana wata kotun. Sai a ɗage. Akwai kuma waɗanda ake tuhuma da kisan kai ko fashi da makami, waɗanda majistare ba ta da hurumin yi musu shari'a. Su ana kawo su ne kawai a ji ko shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, in ba ta fito ba gandirebobi su mayar da su mota. A aji mun karanta cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta taƙaita ɗagewa zuwa sau biyar ga kowane ɓangare, kuma Kano ta yi tata irin dokar a 2019. Amma sai da na ga fuskar mutumin da aka ce masa ya dawo bayan mako uku, alhali a gidan yari zai yi su, na gane dalilin da ya sa fiye da rabin mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi.

Abin da ya fi zama a raina ya faru ne a rana ta huɗu. Aka shigo da wani saurayi da bai wuce shekaruna ba, aka cire masa ankwa, ya tsaya a akwatin katakon nan. Ashe ɗan dattijuwar da ke gefena ne, tun ranar farko shi take jira. Mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ƙorafin 'yan sanda, wadda kowa a harabar kotu ke kira FIR, aka karanta da Turanci: ana zarginsa da satar waya, laifin da sashe na 287 na kundin dokar laifuka na Penal Code ya tanadar wa hukunci. Ma'aikacin da ke tafinta ya juya masa da Hausa a gaggauce, ya ce: "Ka ji abin da ake zarginka da shi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Ranki ya daɗe, gaskiya ne a hannuna aka samu wayar, amma…" Sauran maganar ta nutse a ƙarar fanka. Tafinta ya riga ya juya wajen mai shari'a ya ce da Turanci wanda ake tuhuma ya ce gaskiya ne. Ban ɗauka da mugun nufi ya yi ba. Tun safe yake tsaye yana maimaita tambaya ɗaya, kuma kalmar da kunnensa ke jira ya ji.

Mai shari'ar Bahaushiya ce, ta ji komai da kunnenta. Ta ajiye biro ta ce a sake tambayarsa, a bar shi ya kai ƙarshe, kuma a fassara duka ba tare da an rage ko kalma ɗaya ba. Sai ya ce wani ne ya ba shi wayar jingina a kan kuɗin da ya ranta masa, bai san ta sata ba ce. Ta ɗauki biro ta rubuta cewa bai amsa laifi ba.

Na daɗe ina juya wannan 'yar "amma" ɗin. Da an rubuta cewa ya amsa, a zaman nan ana iya yanke masa hukunci ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Alƙali da hannunsa yake rubuta abin da aka faɗa, da Turanci, kuma in an ɗaukaka ƙara wannan rubutun kotun sama za ta duba, ba abin da ya tashi a iska ba. Shi kuwa mai tsayuwa a akwatin bai san wace kalma ce ta shiga littafi ba. Tsarin mulki ya ba shi haƙƙin a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta. Na haddace wannan don jarrabawa, ban taɓa tunanin cewa duk haƙƙin yana rataye a bakin mutum ɗaya da haƙurin mai riƙe da biro ba. Ga kuma al'adarmu: yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya buɗe baki a gaban babba da "ƙarya ne". Yakan fara da amsa abin da ke gaskiya, sannan ya kawo uzurinsa a hankali. Wannan ladabin ne ya kusa kai shi.

Dole in faɗi nawa laifin. A ranakun farko, duk wanda na gani da ankwa ɓarawo nake kiransa a zuciyata, har haka na rubuta a littafina: "an kawo ɓarayi shida". Ni da na san cewa doka ta ce ba a ɗaukar mutum mai laifi sai an tabbatar. Na koma na soke kalmar a duk inda take. Har yau ban san ko yaron nan gaskiya ya faɗa ba, kuma ba aikina ba ne in sani daga bencin baya.

An ba da belinsa bisa sharaɗin mutum biyu su tsaya masa. Mahaifiyarsa ba ta gane abin da aka ce ba, ta dafa ni ta ce: "Ɗan nan, sun sake shi ne?" Na yi mata bayani gwargwadon iyawata, na faɗa mata akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ga marasa hali, wadda aka kafa tun 1976. A nan na ji harshena yana sarƙewa: na san abin da Turanci, amma Hausarsa sai na yi ta lalube. Ba ta samu masu tsayawar a ranar ba, aka mayar da shi da yamma, ta bi motar da kallo har ta fita ƙofa.

Tun da na koma makaranta na buɗe wani littafi daban. Duk sashen da muka karanta, da daddare nakan zauna in faɗa wa mahaifiyata shi da Hausa, ita da ba ta yi boko ba. In ta ce "ban gane ba, sake", sai in soke in sake. Yanzu muna kan bambancin sata da cin amana, kwana uku ke nan ba ta gamsu da fassarata ba.