Mun Je Akra ta Sama, Mun Dawo ta Ƙasa

Goggona ce ta dage sai an kai ta bikin jikar yayarta a Nima, zangon da ya fi suna a birnin Akra, garin da ita har gobe Ankara take ce masa kamar yadda fataken goro na da suke faɗa. Ta haura shekara saba'in, ga ciwon suga, don haka maganar mota ba ta ma taso ba. Saura wata biyu biki na je wajen wani mai sayar da tikiti a Kano, ya nuna mini farashin kamfanoni uku. Na ɗaya daga ciki ya yi ƙasa ƙwarai, wai rangwame ne, amma sai an biya a ranar. Nan take na yi masa tiransifa na kuɗin mutum biyu, Kano zuwa Legas, Legas zuwa Akra, zuwa da dawowa.

Tun ranar tafiya alamu suka bayyana. Jirgin safe ya koma na la'asar. A Legas aka haɗa fasinjojin jirgi biyu a ɗaya. Ina tsaye a kanta na ji wata ma'aikaciya tana gaya wa abokiyar aikinta, murya ƙasa-ƙasa, cewa wata uku ke nan ba su ga albashi ba. Na ji da kunnena, amma hankalina yana kan neman keken da za a tura Goggo.

Biki ya yi albarka. Kwana shida muka yi, safe koko da ƙosai, rana wake da shinkafa irin nasu, Goggo ta ga dangin da rabonta da su tun tana amarya.

Ranar komawa muka isa filin jirgi na Kotoka da wuri. Kantar kamfanin ba kowa, sai wata farar takarda da aka manna da salatif, tana cewa an dakatar da zirga-zirga har sai abin da hali ya yi. Mutane sun yi cirko-cirko da akwatuna, kowa waya a kunne, lambar da aka rubuta a takardar kuwa tana ta ringin ba mai ɗagawa. Na kira mutumina na Kano, ya ce, "Wallahi Alhaji, kuɗinku tun a ranar na tura musu, ni ma yanzu nake jin labari." Na zaga kantocin sauran kamfanoni. Kujerun da suka rage kaɗan ne, kuma kuɗin mutum ɗaya zuwa Legas kawai ya kusa abin da na biya mana mu biyu. A aljihuna babu ko rabinsa, duk ya tafi a gudunmawa da tsaraba.

Da na dawo na tarar da Goggo ta zazzage ƙwayoyin maganinta a tafin hannu tana ƙirgawa da yatsa. Na kwana biyu suka rage. Ta mayar da su cikin roba, ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce, "Ɗan nan, kakanninmu da jaki suka je Gwanja. Nemo mana mota."

Washegari da asuba muka kama hanyar gabas. Muka wuce Tema, muka haye kogin Bolta a gadar Sogakofe, kafin azahar muna Aflawo. Nan ake sauka a taka da ƙafa, kana fita daga ƙofar Gana ka faɗa cikin Lome, teku na hannun dama. Fasfo ɗinmu na ECOWAS ne, ba ruwanmu da biza, amma katin rigakafin shawara sai da aka duba shi a kowace iyaka, kuma Allah ya sa yana cikin jakata. Na canza ragowar sidi zuwa sefa a hannun 'yan canji, aka yi mini yankan da na ji a jikina.

A motar da ta ɗauke mu daga Lome na zauna kusa da wani dattijo wanda ya yi shekaru yana aikin lodin kaya a filin jirgi. Da ya ji abin da ya same mu bai yi mamaki ba. Ya shiga lissafo mini gawarwaki da yatsunsa: Air Afrique, na ƙasashe renon Faransa, ya tafi a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003, Ghana Airways ma bai daɗe a bayansu ba. Waɗannan fa na gwamnati ne, in ji shi, balle na ɗan kasuwa. Daga bakinsa na fara gane yadda harkar take. Kamfani yana karɓar naira ko sidi daga hannunmu, amma hayar jirgi, kayan gyara, inshora da babban gyaran da ake kai jirgi waje a yi masa, duk da dala ake biya. Darajar kuɗi na faɗuwa, ramin yana ƙara zurfi. Sai a riƙa sayen man yau da kuɗin tikitin wata mai zuwa. In ka ga an karya farashi fiye da hankali ana cewa a biya yanzu-yanzu, sau da yawa kuɗi ake nema ido rufe. Ranar da abin ya tsaya kuma, masu jirgin haya su janye jirginsu, bankuna su tsaya kan kadarori, hukumomin filin jirgi da ma'aikata su shiga layi. Mai tikiti yana can ƙarshen layin, domin bashi ya bayar ba tare da jingina ba.

Wannan maganar ta bashi ita ta tsaya mini a rai har muka tsallaka Hilakonji muka shiga Jamhuriyar Benin. Wata biyu kuɗina suna hannun mutanen da ban taɓa tambayar lafiyar kasuwancinsu ba, ni da ba na ba da kaya bashi a kasuwa sai na san gidan mutum.

Muka kwana a unguwar Zango ta Kwatano. Ƙafafun Goggo sun kumbura har takalminta ya ƙi shiga, matar mai masauki ta dafa ruwa ta gasa mata. Daga Seme zuwa Badagiri shingaye ne bila adadin, kowanne sai an tsaya an buɗe but. Tafiyar da jirgi ke yi cikin awa guda ta cinye mana yini biyu. A Agege wani ɗan uwa ya ranta mini kuɗi, na saya mata magani, na kuma saya mana tikitin wani kamfani zuwa Kano, tunda rabin tikitinmu na farko shi ma ya mutu tare da sauran.

Cikin waɗanda muka tsaya tare a Kotoka akwai wata 'yar kasuwa da muka yi musayar lamba. Ita da katin banki ta saya, kai tsaye a shafin kamfanin. Tana dawowa ta je bankinta da tikiti da hoton takardar nan da aka manna, ta cike fom na neman a dawo da kuɗin aikin da ba a yi ba. Masu Visa da Mastercard suna da wannan tsari, yawanci cikin kwana 120. An ja ta da tsawo, amma kuɗinta sun dawo. Ni da na yi tiransifa zuwa asusun wani mutum ba ni da wannan ƙofa. Akwai sashen kare haƙƙin fasinja a NCAA, hukumar kula da sufurin sama ta Najeriya, kuma ya kamata duk wanda aka zalunta ya kai kuka can, sai dai hukuma tana iya tursasa kamfanin da ke numfashi ne kawai.

A wasu ƙasashe an yi wa abin tanadi. Da Monarch ya durƙushe a Birtaniya a watan Oktoba na 2017, hukumar sufurin sama ta ƙasar ta yi hayar jirage ta kwaso mutum kusan 110,000. Da Thomas Cook ya faɗi a Satumba 2019, kusan 150,000 aka shirya dawowa da su. Suna da asusun ATOL, wanda ake zuba wa ɗan kuɗi daga kowace tafiyar da aka sayar a dunƙule, jirgi da masauki. Mu kuwa ko inshorar tafiya mutum ya saya, sai ya karanta da kyau, don da yawa ba sa biyan karyewar kamfanin jirgi in ba an rubuta shi a fili ba. Ina ganin da za a ware ko 'yar naira kaɗan daga kowane tikiti a irin wannan asusu, da tsohuwa mai ciwon suga ba ta kwana a hanya ba.

Bara Goggo ta ce a kai ta Umara. Kafin na biya sai da na yi mako ina bin labarin kamfanin, ina tambayar waɗanda suka hau shi kwanan nan. Na biya da kati, na adana rasit a waya da kuma a takarda, na ware dalar da za ta iya dawo da mu biyu na ɗinke a cikin jaka. Ita kuma da ta zo haɗa kaya, maganin mako biyu ta ƙara a kan na kwanakin tafiyar, ba tare da kowa ya ce mata komai ba.