Karatun Sakandare a Gida ga Matashi Mai Sikila

Kuskuren da aka fi yi idan sikila ta raba yaro da aji shi ne a kwaso jadawalin makaranta a dasa shi a gida: ƙarfe takwas zuwa biyu, darussa tara, zango uku. Ba ya ɗorewa. Ciwo ya tashi sau ɗaya, a yi kwana biyar a asibiti, a ƙara mako guda jiki bai dawo ba, shi ke nan jadawali ya rushe, yaro kuma ya karaya.

Da batutuwa ake ƙirga wannan karatu, ba da kwanaki ba. A samo manhajar WAEC ko NECO, a yanka kowane darasi gunduwa-gunduwa, abin da za a gama a zama ɗaya na minti 40. Zama uku a rana ya isa. A tsara aikin shekara a kan mako 30, ragowar a bar su fili tun farko, don ciwo zai ci rabonsa ko an so ko ba a so. Lissafi da Turanci su samu lokacin da jiki ya fi sakewa, saboda ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar, har da Turanci, yawancin fannoni kuma har da Lissafi.

A duba yanayi. Da hunturu sanyin safiya kan tayar da ciwo, sai a bari hantsi ya ɗaga. Da bazara ƙishirwa ce abin gudu, gorar ruwa kada ta bar teburin karatu. Zazzaɓi kuwa idan ya kai digiri 38, a rufe littafi a tafi asibiti. Ba ranar dauriya ba ce.

Batun jarrabawa shi ne inda iyaye suka fi makara. Wanda ba ya cikin rajistar wata makaranta ba zai zauna ta tsakiyar shekara tare da 'yan aji shida ba, sai ta masu zaman kansu. WAEC na yin irin wannan sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta, NECO kuma wajen Nuwamba da Disamba. Lura da cewa ta ƙarshen shekara tana shiga sanyi, don haka rigar sanyi da magani su shiga lissafi. A Kemistiri da Fiziks da Bayoloji, masu zaman kansu ba sa shiga ɗakin gwaji, takarda ake ba su a madadinsa. Duk da haka yaron da bai taɓa ganin launi ya juya a kwalbar gwaji ba yakan rikice, sai a roƙi wata makaranta ta kusa ta ba shi Asabar biyu ko uku. Jami'o'i da yawa na karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, amma fannin likitanci sau da yawa zama ɗaya yake nema. A bincika tun yana aji huɗu.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai. Yaron da ya fara mantuwa, ko ya kasa riƙe abin da ya iya jiya, gaggawa ake yi a kira shi malalaci. Sikila na iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba, alamar kawai ita ce karatu ya ja baya. Malamin lesin ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya fara, a kai wa likitan jini a ziyara ta gaba.