Godiya ga duk wanda ya sa mana hannu a neman takardar kakan maman yara

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, takardar nan da na dame ku da maganarta ta fito, mun samu kwafin takardar zama ɗan ƙasar Amurka ta kakan matata, kuma wallahi ba ƙoƙarinmu kaɗai ba ne shi ya sa na ce dole in fito fili in yi godiya.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, maman yara 'yar asalin Italiya ce ta wajen uwa, kakanta ya taso daga wani ƙauye a Sisili ya sauka Niyok yana saurayi, cikin miliyoyin da suka kwararo daga kudancin Italiya kafin dokar 1924 ta taƙaita shigowa. Surukata, wadda duk gidan muke ce wa Mama, ta tsufa sosai yanzu, kuma abu ɗaya take ta nanatawa, ita dai tana so ta san takamaiman garin babanta da yaushe ya zama Ba'amurke, don ya rasu tana ƙarama. Ita kuma maman yara tana da nata lissafin na fasfon Italiya, saboda a wajensu ɗan ƙasa ta jini ake gado, amma da sharaɗi, in kakan ya karɓi wata ƙasa kafin a haifi ɗansa to igiyar ta tsinke. Kun ga kenan duk maganar tana kan kwanan wata guda.

Godiya ta farko ga wata baiwar Allah ma'aikaciyar laburaren unguwarmu, dattijuwa mai haƙurin gaske. Mu mun ta lalube a kotunan Burukilin da Manhatan, sassan birnin Niyok, tunda nan ya zauna, babu ko alama, ga sunansa kuma kowace takarda da yadda ta rubuta shi, wani wuri na Italiyanci wani wuri an mayar da shi na Turanci. Ita ce ta buɗe mana ƙidayar jama'a ta 1920 a FamilySearch, wani shafin intanet na binciken asali, ta ɗora yatsa a kan layinsa, ga "Na" an rubuta wato ya riga ya zama ɗan ƙasa, gefe kuma shekara 1918. Sai ta cire tabarau ta ce, ya yi soja ne? Muka kalli juna. Mama ta taɓa faɗin akwai wani tsohon hoto da kaki amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

Ashe a watan Mayun 1918, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, Amurka ta yi doka cewa baƙon da ke aikin soja zai iya zama ɗan ƙasa kai tsaye, ba sai ya fara shigar da takardar niyya ba, ba sai ya cika shekara 5 ɗin zama ba, kuma a kotun da ke kusa da barikinsu ake yi musu. Shi a Camp Gordon aka horar da shi, kusa da Atlanta a jihar Jojiya. Mu muna ta haƙilo a Niyok takarda tana can kudu abinta.

Sai ɗan uwa da ke Atlanta, Yaya, Allah ya bar zumunci, kana fama da aikin dare amma ka bi mana sahu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa reshen can har aka ciro kwafin. Da ma'aikatan wurin, ban san sunan ko ɗaya ba amma sun yi aikinsu tsakani da Allah. Mun kuma nemi fayil ɗinsa a sashen binciken asali na USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, don tun daga 27 ga Satumba 1906 aka fara tura kwafin takardar duk wanda aka ba shaidar zama ɗan ƙasa zuwa Washinton, kafin nan kuwa kowace kotu da nata tsarin, wanda kakansa ya yi tun kafin 1906 sai dai in ce Allah ya ba shi juriya.

Ba hoto a jikin takardar, hoto sai daga 1929 aka fara liƙawa, amma an rubuta tsawonsa da launin idonsa da tabon da ke hannunsa, ga sunan ƙauyensu, ga sa hannunsa a karkace kamar na wanda bai daɗe da koyon riƙe alƙalami ba. Da na miƙa wa Mama shiru ta yi tana shafa wurin, can ta ce tabon nan na tuna shi. Da sunan ƙauyen ne wata ƙawar maman yara mai jin Italiyanci ta shiga Antenati, shafin da gwamnatin Italiya ta zuba tsoffin rajistar haihuwa da aure kyauta, ta zaƙulo mana rajistar haihuwarsa har da sunan iyayensa. Ke ma mun gode ƙwarai, rubutun hannun nan ni ko kalma ɗaya ban iya karantawa ba.

Fasfo dai babu, tunda 1918 ya rantse kuma an haifi Mama shekaru da yawa bayan nan. Maman yara ta ɗan ji ba daɗi na kwana biyu sannan ta saki ranta. Masu irin wannan niyya ku sani tun Maris 2025 Italiya ta ƙara matse dokar, yanzu sai iyaye ko kakanni, daga iyayen kakanni zuwa sama ba sa cikin lissafi, don haka ku fara duba shekarar rantsuwa kafin ku zuba kuɗi wajen fassara da hatimi.

Jama'ar masallacinmu da kuka yi ta addu'a kuna tsokanata wai na koma Bature mai bin salsala, na gode, da maƙwabciyarmu da ta riƙa riƙe mana yara in mun tafi laburare. Allah ya saka wa kowa da alheri. Dan Allah a sa Mama a addu'a, ƙafarta na damunta kwanan nan.