Laraba, 10 ga Disamba 2025: har yanzu ba a kira ni ba

Yau ma shiru. Jami'o'i huɗu na nema a nan Ingila don karatun likitanci, babu wadda ta ce in zo intabiyu, babu kuma wadda ta ce ba ta so na. Tun kafin in yi alwalar asuba na buɗe shafina na UCAS, inda ake neman gurbin jami'a a nan, na sake dubawa a cikin bas, komai yana nan yadda na bar shi tun da na tura takarduna kafin wa'adin 15 ga Oktoba.

Muna ajin kimistiri ƙawata 'yar Somaliya ta taɓo ni ta ƙarƙashin tebur, ta karkato min wayarta. An gayyace ta, cikin Janairu za ta je. Hannunta har rawa yake yi. Na matse mata yatsu, kuma Allah ya sani murnar da na yi mata ta gaske ce, don tare muka ci wahalar shirin UCAT, jarrabawar tantance masu neman likitanci, muna zaune a laburare lokacin da kowa ke hutu. Amma jami'ar da ta kira ta tana cikin huɗun da na nema. Ke nan sun fara turawa, kuma ban shiga rukunin farko ba. Daga nan har aka tashi ban fahimci komai a darasin ba.

Da aka fita tara na je wajen malamar da ke kula da masu neman likitanci. Ta ce jami'o'i ba sa tura gayyata rana ɗaya, rukuni-rukuni suke yi, wasu tun Nuwamba, wasu har Fabrairu ko Maris, kuma da yawansu sukan ware takardun ɗaliban ƙasashen waje su duba su daban. Na san wannan, amma ina bukatar in ji daga bakin wani.

Wannan maganar ta 'yan waje ita ta fi tsaya min a rai. A nan muke zaune, Umma ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gwamnati, tana biyan haraji kamar kowa. Sai dai tunda takardar zamanmu ta dindindin ba ta fito ba, a lissafin jami'a ni baƙuwa ce. Gwamnati ce ke ƙayyade yawan guraben likitanci, kuma kason 'yan waje bai wuce kashi 7.5 cikin 100 ba. A wannan ɗan kason nake gogayya da yara daga Hong Kong, Malesiya, Kanada, da ko'ina. Ga batun kuɗi: ɗan ƙasa fam 9,535 yake biya a bana, mu kuwa ninkin-ba-ninkin haka. Abba ya ce in bar masa wannan tunanin, in dai an ba ni gurbi Allah zai buɗa. Ina jin sa da dare yana lissafi a waya da Baffa.

Wajen azahar Gwaggo ta kira daga Zariya. Tun ina firamare take ce min Likita. "Likita, sunan naki ya fito?" Ita tsarin gida ta sani: a yi JAMB, a yi jarrabawar tantancewa ta jami'a, sai a jira suna ya fito. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa a nan maki ƙofar farko kawai yake buɗewa. UCAT sassa uku ne da ake haɗa makinsu a kan 2,700, sai wani sashe na huɗu da ke auna yadda mutum zai yi hukunci a halin aiki, shi kuma mataki ake bayarwa daga 1 zuwa 4. Da wannan, da sakamakon da malamai suka yi hasashen zan samu a A-level, wato jarrabawar kammala sakandare, ake zaɓen waɗanda za a kira. Wanda ba a gana da shi ba, ba ya samun gurbi. Gwaggo ta yi jim, ta ce, "To ashe jiran a ba ki izinin yin magana kike yi." Na ce ƙwarai, Gwaggo. Ta ce za ta sa a yi min addu'a a islamiyyarsu, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Laraba da rana ba mu da darasi, don haka na wuce gidan kula da tsofaffin da nake aikin sa-kai. A can waya a loka take zama, kuma yau na gode wa wannan dokar. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da nake zama da ita. Kofinta mai hannu biyu ne, shayinta kuma sai an zuba masa garin da ke sa ya yi kauri don kada ta ƙware. Kullum sai ta tambaye ni ko mijinta ya dawo daga aiki, alhali ya rasu da daɗewa. Ma'aikatan sun koya min kada in ce mata ya mutu, don kowace faɗa sabon rashi ne a gare ta, kuma ba sai na yi mata ƙarya ba. Sai in ce, "Ba ni labarinsa." Yau ta ce min direban bas ne, kuma ba ya cin abinci sai ya wanke hannu har gwiwa. Tana magana tana shafa gefen kofin da babban yatsa, har ta shanye shayin ba ta sani ba. Wata ma'aikaciya ta ce tun safe ta ƙi shan komai.

Abin da nake so a ba ni dama in faɗa ke nan. Makina bai san wannan matar ba. Na yarda dole a tace mutane da lamba, masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, kuma likitan da bai iya karatu ba haɗari ne. Amma abin da ya sa nake son aikin nan ba zai fito ba sai an zaunar da ni an saurare ni.

Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. A ɗakin hutun ma'aikata na yi magariba, sannan na ɗauko wayar. Imel biyu, duk talla.

Umma aikin dare take yi wannan makon, amma kafin ta fita ta ce mu yi gwaji. Yawancin jami'o'in nan salon intabiyu da ake kira MMI suke bi, wanda aka faro a jami'ar McMaster ta Kanada: tasha-tasha ake zagayawa, kowace 'yan mintuna, da mai tambaya daban. Wata tashar a ce ka sanar da wani mummunan labari, wata a ba ka matsalar ɗa'ar aiki. Umma ta kunna agogon wayarta, ta jefo min tambayar da nake gudu: ƙudirin dokar da za ta ba mai ciwon ajali damar neman a taimaka masa ya mutu, wadda majalisar wakilan Birtaniya ta amince da ita a watan Yuni, yanzu tana gaban majalisar dattawa. Na fara da cewa addinina bai yarda ba. Ta ɗaga hannu. "Ba fatawa aka tambaye ki ba, 'yata. Imaninki naki ne, ba wanda zai ƙwace. Ki nuna musu kin fahimci me ya sa mara lafiya zai nemi haka, da me ya sa ake tsoron a matsa wa tsoho ko mai naƙasa. Sannan ki faɗi inda kika tsaya." Na sake daga farko, na bi ta kan 'yancin mara lafiya, da amfanar da shi, da guje wa cutar da shi, da adalci, na kawo batun kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ga wanda ba zai warke ba. Ta ce ya fi, sai dai ina sauri kamar ana kora ta.

Bayan ta fita ƙawar tawa ta turo saƙo, tana ta kewaye-kewaye, wai ko zan iya yi mata tambayoyin gwaji ranar Asabar, in kuma zai yi min nauyi ta fahimta. Na ce ta zo gidanmu bayan azahar. Na riga na rubuta mata tashoshi shida, har da wadda Umma ta yi min, kuma mun yi da ita in ta gama nata za mu juya, ita ta tambaya ni in amsa. Gobe akwai gwajin bayoloji, ban ko buɗe babin numfashi ba, bari in je in fara.